Tufkar Rama a Ƙasar Kabi

Ranar babban su a Argungu, idon kowa a kan kifi yake. A bikin 2020, wanda aka yi bayan an shafe kusan shekara goma ba a taru a bakin gulbin Matan Fada ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. An ɗora shi a sikeli, an yi ta ɗaukar hoto, an jinjina wa wanda ya kamo shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya riƙe wannan ƙato lokacin da yake fizge-fizge a ƙarƙashin ruwa? Bikin ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar da ta binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma har gobe mai gasa ba ya faɗawa ruwan nan da komai sai gora da homa. Gora dai shuka shi ake yi, a bar shi ya ƙosa. Homa kuwa sai an murza zare, an ƙulla shi ido bayan ido.

Yau zaren roba ya mamaye ko'ina. Amma ba a ƙirƙiro nailan ba sai a 1935, bai kuma iso hannun masuntanmu ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, alhali ana su a gulbin nan tun kafin Sarkin Kabi Kanta ya zauna birnin Surame a ƙarni na 16. Duk tsawon wannan zamani, in ka ɗebe abin da ake yi da fata, abin da ya kama kifi, ya jawo guga daga rijiya, ya ɗaure jinka, ya riƙe doki a turke, daga jikin tsiro aka ciro shi. Akwai kaba, akwai ɓawon kuka da na kalgo, akwai yawa, wani irin wake da ake shukawa ba don ci ba sai don zarensa mai ƙarfi da masu fatsa da taru suke so. Amma uwa uba ita ce rama.

Ɗan birni a kwano ya fi saninta, an kwaɗanta ta da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Manomi kuwa amfani biyu yake gani a jikinta, kuma tun ranar shuka yake yanke shawarar wanda yake so. In ganye ake nema, sai a ba ta fili ta yi rassa. In igiya ake nema, sai a shuka ta a matse, kowace tana rige-rigen neman rana da 'yar uwarta, su miƙe zarara ba reshe, cikin wata huɗu ko biyar su wuce tsawon mutum biyu. Dalilin a bayyane yake: duk inda reshe ya fito, nan ɓawo yake yin tabo, nan kuma zare yake tsinkewa in an zo ɗaya. Lokacin yanka ma da nasa lissafi. In ta fara fure, wannan fure mai ruwan ƙwai-ƙwai da jan ciki, to zare ya yi ƙarfi bai kuma yi kaushi ba. A yi gaggawa a samu zare mai rauni, a yi jinkiri har 'ya'ya su bushe a samu mai tauri da ya manne wa kara. Shi ya sa mai hankali yakan ware 'yan tsiraru ya bar su don iri, ya sare sauran a kan kari.

Daga nan hanya biyu ce. Mai sauri yakan ɗaye ɓawon tun kara yana ɗanye: ya karya gindi, ya kama bakin ɓawon, ya ja shi har ƙarshe, ya shanya. Wannan ta isa ɗaurin dami da darni, aikin da ba ya son kyau. Wanda yake son zaren ƙwarai sai ya kai ta ruwa, kuma a nan ne ake gane gwani.

Kwarin Rima ya dace da wannan aiki ƙwarai. In damina ta ja baya, gulbi ya koma hanyarsa, yakan bar tafkuna birjik a fadama, tun daga Augie zuwa Argungu har gangaren Birnin Kebbi: ruwa kwantacce, marar zurfi, mai ɗumi. A ɗaure rama dami-dami, a nutsar, a danne da duwatsu ko gungume don kada wani sashe ya leƙo waje ya bushe. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwan ruɓa ce, amma ruɓa mai linzami. A cikin ɓawon akwai wani danƙo da ya haɗa zaren da junansu ya kuma liƙa su ga kara. Ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani su ne suke cinye wannan danƙo, kuma shi suke fara ci domin ya fi taushi. In sun gama da shi ba a tsamo ramar ba, sai su juya kan zaren kansa. Tsakanin "ba ta yi ba" da "ta wuce" 'yan kwanaki ne ƙalilan, kamar dai geron kamu da aka jiƙa, wanda kwana ɗaya kan raba mai daɗi da mai tsamin da ba ya shayuwa.

Ba kuma a ƙidaya kwanakin da kalanda. Yana iya zama mako guda, yana iya kai uku. Ruwan ɗumi na ƙarshen damina yana da sauri, in hunturu ya fara busawa ruwa ya yi sanyi sai aikin ya ja. Tsohuwar rama ta fi ɗanya jinkiri. A kara ɗaya ma, gindi mai kauri ba ya nuna tare da kai mai siriri, don haka dole mutum ya zaɓi ranar da ba za a cuci ko ɗaya da yawa ba. Gwani yakan shiga ruwa ya zaro kara ɗaya daga tsakiyar dami, ba daga gefe ba, ya murza da babban yatsa. In ɓawon ya saluɓe, zaren ya rabu sili-sili bai tsinke ba, ta yi. Hancinsa ma yana gaya masa, domin warin tafkin yana sauyawa. Warin nan kuwa ba na wasa ba ne, kuma ruwan da aka jiƙa rama da yawa a ciki yakan rasa iskar da kifi ke shaƙa, saboda haka ba aikin da za a kai mashaya ko wurin su ba ne. In an tsamo, a saɓule zaren, a buga shi a ruwa mai kyau har ya daina yauƙi, a matse, a rataye a rana. Ya fito fari-fari, mai sheƙi, mai laushi. Fararen karan da suka rage ba nauyi, da su ake hura wuta.

Sai tufka. Wanda bai sani ba zai ga dattijo ne kawai zaune a kan tabarma gindin bishiya, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafar, yana shafa tafin hannunsa da juna yana hira. Abu uku yake yi a lokaci guda. Yana murza sili biyu, kowane da kansa, zuwa ɓangare ɗaya. Yana barinsu su naɗe juna zuwa ɗaya ɓangaren. Yana kuma lura da inda wani sili ya fara siranta don ya cusa masa sabon zare.

Asirin igiya duka yana cikin wannan saɓani na murɗa biyu. Sili da aka murza kullum so yake ya warware. In shi kaɗai ne, da an sake shi ya koma yadda yake. Amma in biyu ne aka naɗe su da juna ta hannun da ya saɓa wa murɗarsu, to duk yunƙurin da ɗaya ya yi na warwarewa ƙara ƙanƙame ɗan uwansa yake yi. Babu ƙulli, babu danƙo, babu abin da ya riƙe su sai wannan jayayya. In kuma aka rataya wa igiyar nauyi, naɗin yana matsewa ciki, zaren suna ƙara cizon juna, ja yana ƙara mata riƙo. Ta haka ɓawon da bai wuce gaba ɗaya ko biyu ba yake zama igiyar guga mai gaba ashirin, ka bi ta da hannu tun daga farko har ƙarshe ba ka ji inda aka yi ƙari ba. Gwani ba ya yin ƙari a sili biyu wuri ɗaya. In ya ƙara wa na dama a nan, sai ya yi nisa kafin ya ƙara wa na hagu, kuma yakan sa siririn bakin sabon zare ya kwanta kan siririn ƙarshen tsohon, don kauri ya tafi daidai.

Yawan murɗar ma da awo. In ta yi kaɗan, zaren su zame, igiya ta saki. In ta yi yawa, igiya ta ƙudundune tana harɗewa, ƙarfinta kuma ya ragu, domin zaren sun kwanta a karkace maimakon su bi tsawon igiyar su ɗauki nauyi. Babu ma'aunin wannan sai tafin hannu, wanda akan ɗan jiƙa da ruwa don ya kama. Ba banza ba a garuruwan Hausa da dama tufka ta zama sana'ar makafi tun zamanin da. A ganina wannan ba ya nuna aikin mai sauƙi ne, yana nuna inda ilimin yake zaune ne: ido ba ya ganin ko murɗa ta isa, yatsu ne suke ji. Mai ido ma in ya ƙware ba ya duban hannunsa.

Kowane aiki kuma da irin tasa. Igiyar guga ana son ta sili uku, matsattsiya, domin kullum tana gogar bakin rijiya. Dabaibayi da ragama ana son su da laushi kada su ci fatar dabba. Talala tana son tsawo da rashin nauyi. Ragayar da mata ke rataye ƙwarya tana son kyau. Kirtani da zaren su kuwa ba a tafin hannu biyu ake yinsu ba, a kan cinya ko ƙwauri ake murza su, tura hannu gaba ya murɗa silin, jawo shi baya ya naɗe su. Harshenmu ma ya san darajar abin. Ba mu sami abin da za mu kwatanta aure da shi ba sai igiya uku, mai aikin da ba ya ci gaba kuma muka ce yana tufka da warwara.

Saƙar homa wani mataki ne a kan wannan. Masaƙin yana riƙe da ɗan itace da aka fiƙe aka naɗa wa zare, yana ƙulla ido ɗaya a jikin na sama da shi, da ƙullin da ba ya zamewa ko an ja shi ta ina. Amfanin ƙulla kowane ido da kansa shi ne, in kifi ya yaga wuri ɗaya ɓarnar ba ta bin sauran, da yamma a zauna a cike gurbin. Faɗin ido da yatsu ake auna shi, mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu, gwargwadon kifin da ake nufi, ko ƙarfasa ce ko tarwaɗa ko giwan ruwa. Homa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, aljihu gare ta, don haka sai an riƙa ƙara ido a wasu layuka ana ragewa a wasu har ta yi ciki, sannan a ɗaura ta a lanƙwasasshen itacenta, guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Zaren tsiro yana kumbura in ya sha ruwa, ƙulli ya ƙara cijewa, amma yana ruɓewa in an ajiye shi da danshi, shi ya sa shanya taru ta zama rabin aikin masunci. Akwai wani alheri da wahalar saƙar hannu ta ɓoye: babu mai ɓata watanni yana ƙulla ido ƙanana ƙwarai, don haka 'ya'yan kifi suna wucewa su girma. Tarun kanti mai ido kamar na gidan sauro ba ya barin ko ɗaya.

Wannan tsiro namu, a littattafan masana sunansa Hibiscus cannabinus. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa a 1759, ma'anarsa kuwa mai kama da cannabis, tsiron da shi Linnaeus ɗin ya riga ya rubuta a 1753, wanda mu muka sani da tabar wiwi. Kama ce ta ganye kawai, mai rabuwa yatsu-yatsu, da ta aiki. Rama dangin yakuwa ce da kuɓewa da auduga, babu ko ɗigon abin maye a jikinta. Amma dalilin da ya sa Bature ya ga rama ya tuna da wancan tsiro shi ne, a wajensa wancan ɗin shi ne ramarsa.

Girkawa ne suka fara rubuta sunan wancan tsiro a Turai. Herodotus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin kannabis a ƙasar Sikitiyawa, makiyayan dawaki na arewacin Baƙin Teku. Ya ce maƙwabtansu na Tiras suna saƙa tufafi da shi da ba a rarrabe su da lilin, ya kuma ce Sikitiyawan suna zuba irinsa a kan duwatsu masu zafi cikin rufaffen tanti suna shaƙar tururin. Fuska biyu ke nan tun ranar farko. Amma wadda ta ɗauki sunan ta zaga da shi ita ce ta igiya. Daga Latin ya zama canapa a Italiya, cáñamo a Sifen, chanvre a Faransa. Rashawa suna cewa konoplya. Larabawa qinnab, Farisawa kanab, kuma daga Farisanci aka sami kenaf, sunan da duniyar ciniki ke kiran ramarmu da shi yau.

Ingilishi da Jamusawa kuwa hemp da Hanf suke cewa, wanda a kunne ba su da haɗi da sauran. Masanin harshe Jacob Grimm ne a 1822 ya tsara ƙa'idar da ta warware irin wannan: a harsunan dangin Jamusanci, tsohuwar k ta koma h, b kuma ta koma p, ba a kalma ɗaya ba, a ko'ina. Inda Latin ya ce cornu, ƙaho, Ingilishi ya ce horn. Mutumin Kabi bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, shi da yake cewa sabka da zamna inda Bakano ke cewa sauka da zauna, kuma masana sun nuna nasa ne tsohon lafazi. Abin da ƙa'idar ta tabbatar shi ne kakannin Jamusawa sun ari kalmar tun kafin wannan sauyi ya auku, fiye da shekara dubu biyu ke nan. Daga baya Ingilishi suka sake aron ta ta hannun Faransawa a matsayin canvas, yadin nan mai kauri na filafilan jirgin ruwa. Shi ne ya iso mana a ƙafa: takalmin kambas da ke jere a babbar kasuwar Birnin Kebbi sunan wiwi yake ɗauke da shi, mai sayarwa da mai saye ba wanda ya sani.

Girman abin a Turai ya kai sarauta ta sa baki. A 1533 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya kafa doka cewa duk mai noman eka 60 sai ya ware rubu'in eka ga wannan tsiro ko lilin, domin jirgin yaƙi ba ya motsi sai da igiya da filafilai. A Chatham ta Ingila har yanzu akwai gidan tufka mai tsawon kusan rubu'in mil, don a can miƙe silin ake yi gaba ɗayansa kafin a murɗa, tsawon gini shi ne iyakar tsawon igiya. Namu dattijon yana zaune wuri ɗaya, abin da ya tufka yana taruwa a bayansa, iyakar igiyarsa iyakar ramarsa. Babban titin birnin Marseille na Faransa, La Canebière, daga wannan tsiro ya sami suna. Sunan ya zama na duk wani zaren igiya, har Turawa suka riƙa kiran ramarmu hemp na Gini. Sai a baya-bayan nan aka raba gado: tsofaffin sunayen gida suka tsaya ga zare, na Latin ya koma bakin likita da ɗan sanda. Mu kuwa ta fuskar hayaƙi kawai tsiron ya zo mana, shi ya sa muka tarbe shi da dokar 1966 da hukumar NDLEA da aka kafa a 1989. Ba mu taɓa bukatar zarensa ba.

An taɓa yunƙurin kai rama masana'anta. Dalar gyaɗa ta Kano a buhunan algarara aka gina ta, waɗanda ake shigowa da su daga ƙetare, don haka a shekarun 1960 aka kafa masaƙun buhu a Jos da Badagry da fatan manoman gida su ciyar da su. Abin bai ɗore ba, buhun roba ya zo ya share fagen. Shinkafar da Kebbi ta yi suna da ita tun bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma a jihar a 2015, wadda ake casa a manyan injinan Argungu da Birnin Kebbi, a buhun roba take fita.

Masu tufka ba su yi zuciya ba. Tsohon buhun taki ko na shinkafa suke samu su warware shi zare-zare, su maƙale a yatsan ƙafa, su murza kamar yadda aka koya musu da rama. Igiyar buhu ta fi araha, ba ta ruɓewa a rijiya, ba kuma sai an jira kaka an shiga tafki ba. Abin da ya tafi shi ne ilimin jiƙa, domin wanda ke tufka buhu ba ya bukatar sanin ranar tsamowa, kuma ilimi ne da ba a koyonsa sai da ƙafa cikin ruwa kusa da wanda ya iya. Ita ma robar da nata aibu. Rana tana cinta har ta zama gari, ƙullinta yana zamewa, tana ƙona hannun mai jan ruwa, tana yanka ƙafar dabba, in akuya ta tauna ta haɗiye kuma ba ta narkewa a cikinta. Don haka mai igiyar rama bai rasa masu saye ba a gefen kasuwar dabbobi. Makiyayin da ya san abin da yake yi ba ya biya sai ya kama tsakiyar igiyar ya murɗa ta baya, ya leƙa ya ga sili nawa ne da ko cikinta ya yi fari kamar wajenta, sannan ya saki. In ta koma ta rufe da kanta, sai a yi ciniki.